O'Reilly Media: Maɗaba'ar littattafan kwamfuta mai hotunan dabbobi

O'Reilly Media kamfani ne mai zaman kansa a ƙasar Amurka da ya shahara wajen wallafa littattafan kwamfuta da fasahar sadarwa. Tim O'Reilly ne ya kafa shi a shekarar 1978 a jihar Massachusetts, amma daga bisani hedikwatarsa ta koma garin Sebastopol da ke jihar Kalifoniya.

Da farko kamfanin ba ya buga littafi. Aikinsa shi ne rubuta wa wasu kamfanoni takardun bayanin yadda ake sarrafa kayayyakinsu. A cikin shekarun 1980 ne ya soma fitar da nasa ƙananan littattafai kan manhajar Unix, wadda a lokacin masu amfani da ita ke fama da ƙarancin bayani mai gamsarwa. Wannan giɓi da ya cike shi ne tushen ɗaukakarsa.

Abin da ya fi bambanta littattafansa shi ne bangonsu. Wata mai zane, Edie Freedman, ita ce ta kawo dabarar sanya hoton dabba irin na tsofaffin zane-zanen ƙarni na 19. Dabarar ta karɓu har ta kai masu rubuta manhaja suna kiran littafi da sunan dabbarsa. Programming Perl, wanda ya fito a 1991, har yau "Littafin Raƙumi" ake ce masa. A ƙarshen littafi kuma akan ɗan yi bayanin dabbar, abin da ba kasafai ake gani a littattafan fasaha ba.

A 1992 ya wallafa The Whole Internet User's Guide and Catalog na Ed Krol, ɗaya daga cikin littattafan farko da suka fayyace wa talaka mece ce intanet.

Sai dai littafin kwamfuta yana saurin tsufa, domin manhaja kan sauya kafin a sayar da bugun farko. A 2001 kamfanin ya haɗa gwiwa da Pearson suka buɗe Safari Books Online, inda ake biyan kuɗin rajista a karanta littattafai ta intanet. A 2017 ya daina sayar da littattafai kai-tsaye a shafinsa, ko da yake ana samunsu a wajen dillalai. Tsarin rajistar ya sauƙaƙa samun sabon bugu, amma duk wanda ya daina biya, ba littafi ko ɗaya da zai rage a hannunsa.