FASHIN BAƘI: Tarukan da ake cinikin fina-finan gaskiya, da matsayin Kano a cikinsu

A ƙarshen watan Afrilun 2018, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya saki wani shiri kan yadda matasa ke ɗirkar maganin tari mai sinadarin kodin. An ɗauki wani ɓangare nasa a Kano. Washegari gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin da shigo da shi ƙasar. Shiri irin wannan shi ake kira dokumantari ko fim ɗin gaskiya: babu ɗan wasa, babu ƙagaggen labari, sai mutane da abin da ya same su.

Abin da mai kallo bai cika sani ba shi ne, galibin waɗannan shirye-shirye ana sayar da su ne tun suna kan takarda, a wasu taruka na shekara-shekara da ke haɗa masu shiryawa da masu kuɗi.

Manyan tarukan

Mafi shahara shi ne bikin IDFA na birnin Amsterdam a ƙasar Holan, wanda aka fara a 1988, aka kuma ƙara masa zauren neman jari a 1993. Akwai Hot Docs na birnin Toronto a Kanada, wanda aka kafa a 1993. Faransa na da Sunny Side of the Doc, wanda kasuwa ce zalla. Ya faro daga Marseille, sannan ya koma La Rochelle a 2006, kuma yana ci a watan Yuni. A nahiyar Afirka, Durban FilmMart ta Afirka ta Kudu tana ci tun 2010.

A Najeriya kuwa, bikin iREP na Legas shi ne ya keɓanta da fina-finan gaskiya. Femi Odugbemi da Jahman Anikulapo da Makin Soyinka ne suka kafa shi a 2010.

Yadda ake cinikin

Mai shiri yakan tura takardar bayanin labarinsa da kasafin kuɗi da ɗan taƙaitaccen hoton gwaji. Idan an zaɓe shi, sai ya tsaya gaban wakilan tashoshin talabijin da gidauniyoyi ya yi bayani cikin mintuna kaɗan, su kuma su yi masa tambayoyi. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta samun shiga: shin mutanen da labarin ya shafa sun yarda a ɗauke su, kuma me ya sa shi ne zai iya isa gare su ba wani ba?

Cinikin yakan ɗauki ɗaya daga cikin siffofi huɗu. Tasha na iya biyan kuɗin aikin gaba ɗaya, ta mallaki shirin. Tashoshi biyu ko uku na ƙasashe daban-daban na iya haɗa jari, kowacce ta nuna shi a yankinta. Tasha na iya sayen izinin nunawa tun kafin a fara ɗauka, mai shirin ya kai wannan alƙawari wurin wasu don su cika masa ragowar kuɗin. Ta huɗun ita ce sayen shirin da aka riga aka kammala, kuma ita ce ta fi ƙarancin kawo kuɗi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki fim da aljihunsa sannan ya fita neman mai saye, ya shiga kasuwar ne ta ƙofar da ta fi ƙunci.

Inda Kano take

Fim ɗin gaskiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa motocin majigi ke zagaya garuruwa suna nuna hotunan noma da kiwon lafiya a ƙofar fadar sarki ko hakimi. Sai dai gwamnati ce ke biya, ita ce kuma ke zaɓen abin da za a faɗa. Da masana'antar Kannywood ta taso bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, sai kasuwa ta karkata ga wasan kwaikwayo, domin shi ne mai sayen kaset ke cire kuɗi ya saya.

Taron da ya fi kusa da irin waɗancan kasuwanni a Arewa shi ne KILAF, bikin fina-finan harsunan Afirka da kasuwarsu, wanda Abdulkareem Mohammed na kamfanin Moving Image ya assasa a Kano a 2018. Bai keɓanta da dokumantari ba, amma ya buɗe fagen da mai shiri da Hausa zai haɗu da takwarorinsa na wasu ƙasashe ba tare da ya je Legas ba.

Kudancin jihar ya taɓa kusantar zama cibiyar wannan sana'a. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina dandalin fina-finai na naira biliyan 3 a garin Ƙofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin. Malamai da dama suka yi tir da shi bisa fargabar gurɓacewar tarbiyya, gwamnati ta janye a watan Yulin shekarar. Muhawarar ta tsaya ne kan rawa da waƙa, alhali kyamara da ɗakin tace hoto da horon da za a samu a wurin su ne dai kayan aikin mai ɗaukar fim ɗin gaskiya.

Ga shi kuma yankin cike yake da labaran da masu sayen shirye-shirye ke nema. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta raya noman rani a Kadawa, ta kuma rage ruwan da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru. Dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa ya haɗa batun namun daji da na makiyaya da na ɓarayin shanu. Riruwai kuwa na da tsohon tarihin haƙar kuza.

Haɗarin sana'ar

Kuɗi ba su ne kaɗai matsala ba. A watan Agustan 2022 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga. Ta kuma ci kamfanonin MultiChoice da TSTV da StarTimes irin wannan tara saboda nuna shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara.

Duk da wannan hukunci, tashar da ta ga an ci maƙwabciyarta tara za ta yi dogon nazari kafin ta zuba jari a shirin bincike. Wannan ne ya sa haɗin jari da ake ƙullawa a tarukan ke da muhimmanci ga ɗan jaridar Arewa: yana raba nauyin kuɗi da na barazana a kan kafaɗu da yawa. Gidauniyar IDFA Bertha ta Amsterdam tana karɓar buƙatun masu shiri daga Afirka, kuma abin da take fara dubawa shi ne rubutaccen bayani da kasafi da hoton gwaji, waɗanda matashi a Tiga ko Kwanar Ɗangora zai iya haɗawa da wayar hannu mai kyau da kwamfuta ɗaya.