Libarba a Ƙasar Kazaure: Tarihin Makamin da Ya Zo Baƙo

Abin da ya jawo wannan takarda tambaya ce da wani malamin makarantar horon malamai, mutumin Roni, ya yi mini. Ya ce ɗalibansa sun ga a majigi yadda mutumin Amurka ya kan shiga kanti ya zaɓi 'yar ƙaramar libarba, wadda za ta ɓuya cikin tufafinsa, ba ta kuwa dukan hannu ƙwarai in an harba ta. Suka ce da shi, shin kakanninmu sun san irin wannan makami? In ba su sani ba, me ya hana?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ƙasar Kazaure, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, tana iyaka da Jihar Katsina, inda Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a cikin 2021 su nemi makamin kare kansu daga 'yan fashin daji. Gwamnatin Zamfara ma ta yi irin wannan kira cikin 2022. Saboda haka malamin da ke gaban samari ya kamata ya san amsar da tarihi ya ba da. Zan fara da shaidar harshe, gama shi ne fagena, sa'an nan in koma ga labarin yaƙe-yaƙe, da aikin ita libarbar, da abin da doka ta ce.

Shaidar Harshe

Manyan kalmomi uku na wannan sha'ani duk daga Larabci mu ka aro su. Bindiga ta fito daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, watau darma. Joseph Greenberg, cikin nazarinsa na 1947 a kan aron Larabci a Hausa, ya nuna cewa kalmomin da su ka shigo tun da wuri ta bakin fatake sau da yawa su kan zo manne da al ɗinsu na Larabci. Albarushi da harsashi suna cikin wannan aji. Wannan ya nuna mana hanyar da kayan su ka biyo, watau hanyar Sahara da Barno.

Libarba kuwa dabam ta ke. Daga kalmar Ingilishi revolver ta fito, ga ta nan kuma da alamun baƙunta a jikinta. Hausa ba ta da harafin v, sai ta mai da shi b har sau biyu. Sa'an nan r na farkon kalmar da l na tsakiyarta su ka yi musayar wuri. Kalmar da ta shigo ta wannan ƙofa ba ta girme zuwan Turawa ba. Har ila yau, ga bindigar ɗuri muna da sunaye na gida, kamar bindigar toka, da harba-ka-ruga, wanda ya bayyana halin mai ita bayan ya yi harbi ɗaya. Sassanta ma an raɗa musu suna da abin da a ka sani, kamar kunama, wadda a ke ja da yatsa. Mutane ba su yi wa abu laƙabi sai sun zauna da shi. Libarba ba ta sami wannan gata ba.

Bindiga a Hannun Sarakuna

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara cikin 1908, ya ce Dagaci, wani ɗan sarautar Barno, ya zo Kano da bindigogi a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Masana da yawa suna ganin wannan ya yi wuri. Abin da ya fi ƙarfi shi ne shaidar Ahmad ibn Fartuwa, limamin Mai Idris Aloma na Barno, wanda ya ambaci Turkawa 'yan bindiga cikin rundunar ubangidansa a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ƙara da cewa an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Duk da haka bindiga ba ta kori doki da baka ba. Cikin 1826 Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari, ya ƙidaya bindigoginta, ba su wuce 40 da 'yan kai ba cikin dubban mayaƙa. Dalilin a fili ya ke. Kafin ɗan bindiga ya zuba albarushi, ya danna, ya sa darma, ya sake dannawa, mai baka ya saki kibiya da yawa. Damina ta kan jiƙa albarushi. Barde kuwa, mai sulke da kwalkwali, da takobi da mashi ya ke neman suna, harbi daga nesa aikin dakaru ne. Don haka sarakuna su ka danƙa bindigogi a hannun bayinsu amintattu, kamar yadda Joseph Smaldone ya bayyana cikin littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato.

Akwai kuma maganar dukan da bindiga ta ke yi wa mai harba ta, wanda zan kira dukan baya. 'Yan bindigar Afirka ta Yamma su kan cika ɗuri fiye da kima don ƙara, ga shi kuwa ƙarfen bindigogin ciniki ba shi da aminci. Saboda tsoron dukan baya da fashewar baki, da yawansu ba su ɗora ta a kafaɗa su auna, sai su riƙe ta nesa da fuska su saki wuta. Wani tsohon maharbi da na zanta da shi a Roni ya nuna mini yadda ya ke auna ɗuri da yatsu, ya ce in ya wuce ƙa'ida, kafaɗarsa ce za ta ba da labari da safe. Ashe matsalar da mutumin kantin Amurka ya ke gudu, maharbanmu sun daɗe da saninta.

Kazaure da Damagaram

Ɗantunku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa Kazaure. Ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo tun 1819, a ka yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure zaman kanta. Ɗansa Dambo ya gaje shi cikin 1824. Yaƙe-yaƙen nan na farko da doki da kibiya a ka yi su.

Ƙarfin bindiga daga arewa ya zo wa wannan ƙasa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, ya sa a na haɗa albarushi a birninsa, har ya sa maƙera su ka zuba masa igwa. Kazaure da Babura suna kan hanyar duk rundunar da ta taso daga Damagaram ta nufi Kano. Cikin 1857 Dambo ya rasu a hannun mayaƙan Damagaram. Hare-haren ba su ƙare ba har zamanin Ahmadu Kuran Daga, wanda ya yaƙi Sarkin Kano Alu cikin 1898. Alu kansa da makami a ke yi masa laƙabi, watau Maisango, sango kuwa mashi ne da a ke ɗurawa cikin bindiga don harbin giwa.

Abin lura a nan shi ne, duk bindigar da mutanen Roni da maƙwabtansu su ka sani a ƙarni na 19 doguwa ce, mai ƙara da hayaƙi, a kafaɗa a ke saɓa ta kowa yana gani. Rabin amfaninta ban tsoro ne, ta firgita dawaki, ta shaida wa gari cewa sarki ya iso. Wannan aiki shi ya rage mata har yau a hawan salla. Makamin ɓoyo kuwa akwai shi, amma wuƙa ce, irin wadda Azbinawa su ke ɗaurawa a hannun hagu, hannun riga ya rufe ta. Maƙerin gari ya iya ƙera ta, ba ta bukatar harsashi.

Zuwan Libarba

Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a Amurka cikin 1836. Hikimarta ita ce wani ɗan gangan ƙarfe mai ramummuka biyar ko shida, kowane da harsashinsa, yana juyawa ya kawo sabo bakin bindiga duk sa'ad da a ka ɗana. Tun farko masu saye sun fi son ƙarama, gama ta aljihu da Colt ya fitar cikin 1849 an ƙera ta fiye da 300,000. Kamfanin Webley na Ingila ya fitar da tasa gajera, British Bull Dog, cikin 1872, da irinta kuwa a ka harbe Shugaban Amurka Garfield cikin 1881. Rundunar Ingila ta karɓi babbar Webley mai harsashin inci .455 cikin 1887.

A ɗamarar hafsoshin Turawa libarba ta iso ƙasar Hausa, Faransawa a Damagaram cikin 1899, Ingilishi a Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Amma ba ita ta ci yaƙi ba. A Kwatarkwashi, ƙarshen wannan wata, sojoji da ba su kai 50 ba su ka tsaya sahu huɗu su ka karya dawakin Waziri Ahmadu na Kano da dogayen bindigogi masu cin harsashi da yawa. A Kano da Sakkwato kuwa igwa da bindiga mai ruwa su ka yi aiki. Libarba alamar muƙami ce, da kuma makamin ƙarshe in an rutsa da hafsa.

Me ya hana ta yaɗuwa kamar yadda agogo da keke su ka yaɗu? Dalili na fari, harsashi. Bindigar ɗuri tana cin albarushin gida da guntun ƙarfe, libarba kuwa sai harsashin tagulla daidai bakinta, wanda sai masana'anta ke yi. Na biyu, yarjejeniyar da ƙasashen Turai su ka ƙulla a Birasels cikin 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, ta bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin ciniki kaɗai. Ƙasar Hausa duka tana cikin wannan yanki.

Ƙanƙanta da Dukan Baya

Yanzu sai mu dubi zaɓin da ɗaliban su ka gani a majigi. Ƙa'idar Newton ta ce gwargwadon yadda bindiga ta tura harsashi gaba, haka shi ma ya ke tura ta baya. Nauyin bindiga shi ke shanye wannan turi. In harsashi ɗaya ne, a ka rage nauyin bindiga da rabi, ƙarfin dukan da hannu zai sha ya ninka. Babbar Webley ta fi laba 2, Chiefs Special da kamfanin Smith & Wesson ya fitar cikin 1950 kuwa laba 1 ce da kaɗan, harsashi biyar ta ke ci, tsawon bakinta inci 2. Ta ɓuya sarai, amma mariƙinta gajere ne, auna ta da wuya, ƙararta da walƙiyarta sun yi yawa. Mai son ɓoyo ya sayi duka, mai gudun duka ya sayi nauyi, ko kuwa ya rage ƙarfin harsashi.

Rundunar Ingila ta bi hanya ta ƙarshen nan. Ta ga sojan da bai daɗe da horo ba ba ya iya sarrafa harsashin .455, sai ta koma ga libarbar Enfield mai .38 cikin 1932. Darasin da ke ciki shi ne, ko soja sai da horo mai tsawo ya ke samun abin da ya auna da bindigar hannu, ƙaramar kuwa ta fi babbar wuyar koyo.

Abin da Doka ta Ce

Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda ta fara aiki cikin 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar ɗuri tana kashi na uku, al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsaye da ta farauta suna kashi na biyu, sai da lasin na Sufeto Janar. Libarba da sauran bindigogin hannu kuwa suna kashi na fari, tare da igwa da bindiga mai ruwa, ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Dokar ta fi tsananta wa ƙaramar bindiga saboda abin nan da a ke so a gare ta, watau ɓoyuwa. Kiran gwamna bai canja wannan kashi ba, gama dokar ta Tarayya ce.

To, ga amsar da zan ba malamin Roni ya kai wa ɗalibansa. Kakanninmu sun san bindiga shekaru ɗaruruwa, sun san dukan bayanta, sun kuma san makamin ɓoyo, amma ba su haɗa ukun a makami guda ba. Libarba ta zo da Turawa, harsashinta da yarjejeniyar 1890 su ka tsare ta a hannunsu, dokar 1959 kamar yadda ta ke a yau ta bar ta a hannun hukuma. Saurayin da ya sa ta cikin aljihu ba da izni ba ya ɗauki laifin ɗauri, ya kuma ɗauki makamin da ba a yi shi don karon mahara masu dogayen bindigogi ba.

Roƙona ga malaman makarantun horo shi ne su tura ɗalibai wurin maharba da maƙera da 'yan bindigar fada a Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, su rubuto sunan kowace bindiga da na sassanta, da yadda a ke haɗa albarushi a da, da kirarin 'yan bindiga. Da waɗannan kalmomi za a gane wace bindiga ta biyo Sahara, wace ta biyo Nufe, wace kuma a ka ƙera a gida. Tsofaffin da su ka riƙe su suna ƙarewa. Allah ya sa mu cim musu.