Zuriyarmu Da Ta Yi Gabas: Yadda Ake Bin Salsalarta

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a nan Shehuri, ko Hausari, ko Gwange, ka zauna da tsofaffin gidan ba ka ji an ce "ai wane ya yi gabas" ba. Wato ya tafi aikin hajji ta ƙasa, bai komo ba. Tun da Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907 garin nan ya zama zangon alhazai. Daga nan sai Dikwa, sai Kusuri, a haye zuwa Fort Lamy wadda yau ake ce wa Injamena, a bi ta Abeshe da Jinaina da Fashir har bakin Nilu. Wasu guzuri ya ƙare musu a nan, su ne kakannin da yawa daga cikinmu. Wasu kuwa sai a Sudan ya ƙare musu. Ka ga gida ɗaya ya rabu biyu ke nan.

To yaya ake bin sawun waɗancan? Bari mu fara da gidan da salsalarsa take a rubuce.

Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya hau a 1902. Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, shi kuwa ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suna ta binsa gari gari. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903, nan ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja sauran jama'a. A 1906 suka sauka kusa da Sinnar, bakin reshen Nilu da Larabawa ke kira Bahrul Azraƙ. Garin da ya kafa shi ne Mai Wurno, kuma zuriyarsa suka riƙe sarautar wurin bayansa.

Amma ko a wannan babban gida, mai bincike in bai natsu ba sai ya ruɗe. Attahiru biyu ne a shekara guda: wanda Turawa suka naɗa a 1903 ɗan Aliyu Babba ne, jikan Sarkin Musulmi Bello, ba shi ne na Burmi ba. Muhammadu Bello ma biyu ne, ɗan Shehu daban, Mai Wurno daban. Ga kuma wani reshe da ya taɓa ƙasar Barno: Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Bello, wanda ya zauna Balda, ya haɗa kai da Rabe, aka kashe shi a 1898. Ɗansa Shehu Sa'idu ya zauna Dumbulwa ta ƙasar Fika har Turawa suka kama shi a 1923 suka kai shi Buea ta Kamaru. Sau da yawa na ji ana cakuɗa mutanen Hayatu da na Attahiru a bakin kasuwa, alhali hijirar ba ɗaya ba ce. Abin da ya taimaki wannan gida, malamai irin su Waziri Junaidu sun rubuta wa ya haifi wa.

Mu fa talakawa, 'yan koli da fatake da almajirai? Nan aikin yake. Mutanen Sikotland da suka watsu zuwa Kanada da Ostireliya, jikokinsu kan koma su duba rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda hukumarsu ta fara tun 1855, kafin nan kuma akwai littattafan coci. Mu rajistarmu bakin tsofaffi ne, sai ɗan abin da wani malami ya rubuta a bayan takarda ya cusa cikin gafaka.

Babbar matsala suna. Mutum ɗaya a Kano Garba ne ko Habu, ya zo Barno ya zama Bukar, ya isa Sudan aka rubuta Abubakar. Mamman ya zama Modu, ya zama Muhammad. Wanda duk dangi suka sani da Tanko ko Ɗan'asabe, can ba mai rubuta wannan, sunan yanka ake so, da na uba da na kaka. Ga alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba ko za ka kwana kana tambaya, sai ka nemi ƙanwar mijin. Don haka ni a ganina wanda ya tafi da suna kaɗai ya yi asarar kuɗin mota. A tambayi garin asali da unguwa, da sana'ar gidan, da zanen fuska, domin zanen Bagobiri ba ya ɓoyuwa, haka na Bakabe. A tambayi zamanin wane Shehu ko wane sarki aka tashi, tun da tsofaffi ba su lissafi da shekarar Bature. A kuma fara da mata, su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa. Wanda ke da hali ya leƙa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, don a zamanin Turawa nan Yerwa ana yankar fasfon alhazai masu bin ƙasa.

Kada wani ya ce wannan hirar dare ce. Can Sudan asali ya zama maganar takarda. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, mutanenmu da ake kira Fallata ko Takari sun yi aiki a ciki ba kaɗan ba, suka bazu har Wad Madani da Gadarif. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. To wanda kakansa ya sauka a 1906 fa? Dole wasu suka daina ambaton Katsina da Haɗeja a gaban hukuma, 'ya'ya suka tashi ba su ji ba. A Yuli 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Bahrul Azraƙ kan ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka da yawa. A Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a ƙasar baki ɗaya, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu.

Nan gida ma akwai maganar gado. In mai gida ya rasu ya bar gida a Shehuri, ba ɗa namiji, kuma an san yana da ɗan'uwa shaƙiƙi da ya yi gabas, alƙali ba zai raba ba sai ya tambaya: yana raye? Ya bar ɗa namiji? In ya bari, wannan ɗan na iya samun rabo a gidan nan, ko da bai taɓa taka Yerwa ba, ko da Larabci kaɗai yake ji.