Saniya da gona a Adar: tarihin nono a Madawa, Buza da Keita

A wannan takarda muna son mu nuna cewa ƙarancin nono a gundumomin Madawa, Buza da Keita ba daga irin shanun ya samo asali ba. A ganinmu, tarihinsa tarihin fili ne da na abincin rani.

Shanun yankin galibi iri biyu ne: Azawak, wadda ta yi suna wajen nono, da jar saniya mai dogon ƙaho ta Bororo, mai jure doguwar tafiya. Kafin zuwan Turawa, dabbobi sun fi yawa a hannun Filani da Abzinawa, irin su Kel Geres na kewayen Madawa. Da damina garke yakan yi arewa. Da kaka ya dawo ya ci kara, ya bar taki a gona, matan makiyaya kuma su ba da nono da man shanu su karɓi gero.

Dole mu tsaya kan haihuwa, domin ita ce ke bayyana sauran. A kiwon gargajiya, karsana ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai wajen shekara huɗu. Cikinta wata tara ne, amma tsakanin haihuwa da haihuwa akan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu, saboda saniyar da ta rame ba ta neman bijimi. Sai ta ƙoshi da ciyawar damina take karɓar barbara, don haka haihuwa kan taru a ƙarshen bazara da farkon damina. Rabin maruƙan kuma maza ne. Ke nan garken da ya faɗi ba ya tashi cikin shekara biyu ko uku kamar na awaki. Haka aka gani bayan annobar bushiya ta wajen 1891, haka kuma bayan farin 1973-74 da na 1984-85. A waɗannan fari biyu makiyaya da yawa sun sayar da shanunsu da araha, shanun suka koma hannun manoma da ƴan kasuwa, masu su na da suka zama masu kiwon haya.

Hukuma ta fi mai da hankali ga cuta da iri. An soma babban rigakafin bushiya na JP15 a 1962, kuma a 2011 aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. An tace irin Azawak a tashar Tukunus, aka buɗe cibiyar yaɗa shanu a Ibesetan, arewa da Adar. Wannan aiki ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Sai dai dokar 26 ga Mayu 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar galibin waɗannan gundumomi uku a ɓangaren noma, inda gonaki suka yi ta cin burtali da makiyaya. Layukan darbejiya da CARE ta soma dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da Italiya da FAO suka fara a 1984, sun mai da itace da ciyawa. Amma filin da aka gyara yakan samu mai gadi, saniya kuwa a waje take tsayawa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa, bayan da gona ta riga ta kama wurare da dama.

Kara da harawa, waɗanda a da ake bari a gona, yanzu kwashe su ake yi, a ajiye a sayar da rani. Ga kuma abin da ba a cika lissafawa ba: saniyar yankin ba ta sakin nono sai ɗanta na kusa, wato mai tatsa da maraƙi rabon nono ɗaya suke yi. Idan aka tatse da yawa a watan Afirilu don a samu na fura, maraƙar ta tsumbure, haihuwarta ta fari kuma ta ƙara jinkiri.