Bunƙasar Arzikin Amurka Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, masana'antun Turai da na Japan sun zama kufai, na Amurka kuwa suna nan daram, har kusan rabin kayan masana'antu na duniya daga can suke fitowa. Daga 1947 zuwa 1973 abin da iyali mai matsakaicin hali ke samu ya kusan ninkawa, aka sami ɗimbin masu rufin asiri, wato ma'aikatan da albashin mutum guda ke isa su mallaki gida da mota su kuma ilimantar da 'ya'yansu.

Hannun gwamnati ya taka rawa ƙwarai a wannan yalwa. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji, wadda Shugaba Roosevelt ya sanya wa hannu a 1944, ta biya wa mutum kusan miliyan 8 kuɗin karatu ko koyon sana'a, ta kuma tsaya musu lamunin bashin sayen gida, abin da ya taimaka masu gidan kansu suka tashi daga kashi 44 cikin 100 a 1940 zuwa kashi 62 a 1960. A Levittown, kusa da New York, an gina gidaje fiye da 17,000 kusan iri ɗaya daga 1947 zuwa 1951, kowanne da firij da injin wanki, da yawansu a kan kuɗin da bai kai dala 8,000 ba. Ƙungiyoyin ƙwadago ma sun yi ƙarfi, domin yarjejeniyar 1950 tsakanin kamfanin General Motors da ma'aikatan ƙera motoci ta tabbatar musu da fansho da ƙarin albashi gwargwadon tsadar rayuwa.

Sai dai rabon bai yi adalci ba, kuma wannan ne babban tabon zamanin. Takardun hayar gidajen Levittown sun haramta wa baƙar fata zama a ciki, bankuna kuma suka riƙa hana unguwanninsu bashi, ta yadda dukiyar da gida ke tara wa iyali ta wuce su, giɓin ya bi 'ya'ya da jikoki. Ko a 1959, fiye da kashi 22 cikin 100 na Amurkawa suna cikin talauci.

Bunƙasar ta lafa a 1973, lokacin da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa ya haɗu da hauhawar farashi da gogayyar masana'antun Jamus da Japan da suka farfaɗo, albashin leburori ya daina tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan abin da suke samarwa.