Sau uku ana cewa "an ga alamar rai a duniyar Mars". Ga yadda ta kaya 🧵

1/
Ranar 10 ga Satumba 2025 NASA ta ce ta samu "abin da zai iya zama alamar rai" a Mars. Nan da nan wasu suka fara yaɗa cewa an gano halittu. Jama'a a yi a hankali, wannan ba shi ne karo na farko ba. Ku biyo ni mu koma baya.

2/
1976. Amurka ta sauke kumbo biyu a Mars, Viking 1 ranar 20 ga Yuli, Viking 2 ranar 3 ga Satumba. Cikin gwaje-gwajensu akwai na Gilbert Levin: a ɗebi ƙasa, a ɗiga mata ruwan abinci mai ɗauke da kabon da aka yi wa alama. In akwai ƙwayoyin halitta za su ci, su fitar da iska.

3/
Iska kuwa ta fito! Da aka gasa wata ƙasar zuwa digiri 160 aka maimaita, shiru. To me ya rage? Sai wata na'urar da ke cikin kumbon ta nemi sinadaran da ake gina jikin mai rai da su, ba ta samu ba. Yawancin masana suka ce aikin sinadaran ƙasar ne kawai.

4/
A 2008 kumbon Phoenix ya gano gishirin perchlorate a ƙasar Mars, wanda in aka zafafa shi yake ƙone irin sinadaran da Viking ke nema. Kun ga ke nan wataƙila gwajin ne ya lalata shaidar da kansa. Levin dai har ya rasu a 2021 bai janye maganarsa ba.

5/
Amma Viking ya bar wani abu mai amfani: ya auna iskar Mars. Da wannan awon ne ake gane cewa wasu duwatsun da suka faɗo nan duniya daga can suke, saboda iskar da ta maƙale a cikinsu iri ɗaya ce.

6/
Ɗaya daga cikinsu a gida ya faɗo. Ranar 3 ga Oktoba 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. A 1995 aka nuna iskar cikinsa ta dace da ta Mars. Har yau da sunan Zagami masana ke kiran sa.

7/
Karo na biyu ma daga irin wannan dutse ya taso. An tsinci ALH84001 a Antatika a 1984. A Agustan 1996 David McKay da tawagarsa suka ce sun ga wasu siffofi kamar tsutsa a cikinsa. Shugaba Bill Clinton da kansa ya fito ya yi jawabi.

8/
Sai aka shiga tankaɗe da rairaya. Siffofin sun yi ƙanƙanta ƙwarai a kan bakteriyar da aka sani, kuma an haɗa irin ma'adanan a ɗakin gwaji ba tare da wani mai rai ba. Kama da wane ba ta wane. Duk da haka muhawarar ta tada fannin, a 1998 NASA ta buɗe cibiya ta musamman don shi.

9/
Yanzu na 2025. Motar Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero a Fabrairun 2021, ta ci karo da wani dutse a Yulin 2024 mai ɗigo-ɗigo kamar jikin damisa. A ɗigon akwai ma'adanan vivianite da greigite, waɗanda a nan duniya sau da yawa ƙwayoyin halitta ke barin su a laka.

10/
Lura da bambancin. Wannan karon sai da suka yi fiye da shekara ana tantancewa kafin mujallar Nature ta buga, kuma su da bakinsu suka ce sinadarai zalla ma na iya yin haka. Darasin 1976 da 1996 ke nan.

11/
Samfurin da aka haƙo yana nan a rufe cikin bututu a Mars. Sai an kawo shi duniya an sa shi a manyan na'urori za a raba gardama. Kafin nan, duk wanda ya turo muku "an gano halittu a Mars", ku tambaye shi: wace hanyar da ba ta rai ba aka kawar tukuna?