Habaici a gaban hukuma: teyatur na Hausa a Nijar daga 1974 zuwa 1991

Abin da muke so mu duba a wannan ƴar takarda shi ne yadda wasan kwaikwayo na Hausa, wanda jama'a suka fi sani da teyatur, ya bunƙasa a Nijar daidai lokacin da baki ya fi kowane lokaci zama a rufe, da kuma irin kasadar da ɗan wasa yake ɗauka in ya hau dandali.

Kwaikwayon masu mulki ya girmi zuwan nasara. A fada akwai wasan gauta, inda mata suke shiga kamar sarki da fadawansa. Ƴan kama suna ɗaukar muryar malamai su mai da karatu zancen tuwo da nama. A Damagaram kuwa akwai wasan kara, inda samari suke naɗa nasu sarki da nasu kumandan, su yi kayan sarauta da kara, masu sarautar gaske suna kallo. Duk waɗannan wasanni suna da sharaɗi guda: an san ranarsu, an san wurinsu, kuma wanda ake kwaikwayo ya yarda ya yi dariya. In rana ta wuce, kowa ya koma matsayinsa.

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Laftanan-kanal Saini Kunce ya karɓi mulki, ƙasa tana cikin fari da yunwa. Aka rushe majalisa, aka hana jam'iyyu. A 1975 aka kulle Jibo Bakari. Amma wannan gwamnatin ce ta farfaɗo da samariya a kowane gari da kowace unguwa, ta kuma kafa bikin samari na ƙasa, watau festibal, wanda yake zagaya manyan biranen jahohi bakwai na lokacin. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a gundumarta, sa'an nan a jaharta. Gasa ce ta gaske, da alƙalai da kyauta, kuma manyan hukuma ne suke zaune a sahun gaba. Da talabijin ta kankama a ƙarshen shekarun 1970, sai wasan ƙungiyar gidan rediyo ta Damagaram, wadda malamin lakwal Yazi Dogo ya shugabanta, ya shiga har wuraren da ba a jin Hausa sosai.

Mu masu nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne galibin wasannin nan ba a rubuce suke ba. Ƴan wasa su zauna su tsara labari, su raba shi fita-fita, kowa ya san wanda zai zama da inda zance zai nufa. Kalmomin kuwa sai a kan dandali ake haihuwarsu. Janet Beik, wadda ta bi ƙungiyoyin nan ta fitar da littafi a kansu a 1987, da sunan fasahar baka ta kira aikin, kuma mun yarda da ita. Wannan yana nufin ko da wani jami'i ya ga tsarin labarin, ko ya kalli gwaji, bai ga wasan da za a yi gobe ba. Nauyin duka yana bisa harshen mutum guda, a cikin daƙiƙa guda. In ya ja baya, jama'a su yi tsit, ƙungiya ta faɗi. In ya zarce, babu marubucin da zai ɓuya bayansa, kuma washegari shi malami ne ko ma'aikaci da gwamnati take biya, ana iya aika shi ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Makaminsa a nan shi ne bambancin da Hausa ta yi tsakanin zambo da habaici. Zambo yana siffanta mutum har makaho ya gane shi, wani lokaci da suna. Habaici ba ya da adireshi: an jefa magana a tsakar gida, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Wanda ya fusata ya tona kansa, don haka dole ya yi dariya tare da kowa. Teyatur ya ƙara wani makami da wasannin gargajiya ba su da shi, watau gaurayen harshe. Da zarar mushe ya shigo da jaka a hammata, yana cusa dosiye da biro da randebu a cikin kowace jimla, baƙauye a tsugune bai gane komi ba, jama'a sun riga sun yanke hukunci tun ba a ambaci cin hanci ba. Ba wanda zai kai ƙarar lafazi. (Mu da muka yi digirinmu da faransanci, wannan dariya da mu ake yin ta, kuma muna tafi.)

Sai dai kada mu mai da ƴan wasan nan ƴan tawaye. Kunce da kansa ya shahara da dirar ba-zata a ma'aikatu da korar wanda ya tarar da laifi. Sukar ƙaramin ma'aikaci malalaci, da alhaji mai ɓoye hatsi, da boka, da uban da yake yi wa ƴarsa auren dole, duk ta dace da abin da hukuma take so a ji. Wasu za su ce an bar jaki ana dukan taiki, kuma akwai gaskiya a ciki: kaki da fadar shugaban ƙasa suna can bayan iyaka. A ganinmu dai wannan bai soke darajar aikin ba. Manomin da ya ga ana yi wa mai biro dariya da harshensa, a gaban perefe, ya koyi cewa mai biro abin tuhuma ne, kuma wanda ya koyi wannan ba lalle ne ya tsaya inda wasa ya tsaya ba.

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. A 1990 jaridar Haske mai zaman kanta ta fito, a 1991 aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, kuma wanda ya shugabance shi, André Salifu, shi ma ya rubuta wasa a kan Sarkin Damagaram Tanimun. A zauren taron aka kira manya da sunansu, rediyo yana watsawa. Habaici ya rage tsada ke nan. Samariya ta rasa gatanta don ana yi mata kallon kayan tsohon mulki, baitulmali ya bushe, sa'an nan kaset-kaset na finafinan Kano suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Tun da wasannin ba su da rubutu, abin da ya rage daga cikinsu yana kan faifai da kuma a bakin waɗanda suka yi su. Shawarar da muke ba ɗalibanmu masu neman batun bincike ita ce su rubuta su yadda aka faɗe su: Damagaranci a bar shi Damagaranci, faransancin mushe a bar shi da karyewarsa, a kuma sa alama duk inda jama'a suka yi dariya da tsawon lokacin da ta ɗauka.